Daga Murya Zuwa Jadawali: Abin da Ke Salwanta a Hanya

Ɗalibin Hausa yakan fara sanin tsarin sauti ne ta kunne. Malami ya furta "kuka" na mai hawaye, ya furta "kuka" ta miya, ɗalibi ya ji yadda ta farko ta tsaya a sama har ƙarshe, ta biyu kuwa ta sauko a gaɓar ƙarshe. Ya furta "gari" na mazauna da "gari" na tuwo, a ji bambancin gajeren wasali da dogo. Wannan ilimi ne ingantacce, kuma da shi aka rubuta manyan ƙamusoshin harshen, tun daga na Bargery na 1934. Sai dai idan ɗalibi ya kai matakin da zai ce wasalin mutanen wani yanki ya fi na wani yanki tsawo, ko kuwa karin faɗau na tsofaffi ya bambanta da na matasa, kunne kaɗai ba ya zama hujja. Dole a auna. Awo yana haifar da lambobi, lambobin suna zaune a cikin fayiloli, fayilolin kuma kowanne da irin tsarinsa. Kafin a kwatanta su sai an zuba su a jadawali guda. Wannan zubawa ita ce ba a cika koyarwa ba, domin ana ɗaukarta aikin akawu, alhali a nan ne bincike kan lalace ba tare da mai shi ya sani ba.

Abin da ake aunawa

Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska. Idan mutum ya furta wasali, tantanin maƙwallato yana buɗewa yana rufewa sau da yawa a cikin sakan guda, kuma yawan wannan buɗewa da rufewa shi ne abin da kunne yake ji a matsayin kari. Ana ƙidaya shi da ma'aunin Hz, wanda ya samo sunansa daga masanin nan Bajamushe, Heinrich Hertz. Hz 200 na nufin karkarwa 200 a sakan guda. Amma muryar ɗan Adam tarin karkarwa ce a cuɗe, wata a kan wata. A 1822 Joseph Fourier, Bafaranshe, ya bayyana a littafinsa kan yaɗuwar zafi cewa ana iya warware cuɗaɗɗiyar igiya zuwa sauƙaƙan igiyoyin da suka haɗa ta. Kamar yadda ɗigon ruwan sama yake warware hasken rana ya fito da launukan bakan gizo, haka wannan lissafi yake warware murya ya nuna yawan ƙarfin da ke kowane mataki na karkarwa. Saboda haka ana iya kiran sakamakon "bakan sauti".

A shekarun 1940 aka ƙera na'urar da ke zana wannan baka a kan takarda, a ɗakunan binciken kamfanin Bell da ke Amurka. A 1965 Cooley da Tukey suka wallafa hanyar da ta sa kwamfuta ke yin lissafin Fourier cikin sauri. Yau kuwa ɗalibi a Yamai ko Damagaram yana yin aikin a ƴar kwamfutarsa ta hanyar Praat, manhajar kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka gina a Jami'ar Amstadam. Abubuwa huɗu ne aka fi ɗauka daga gare ta. Na farko tsawon wasali. Na biyu karkarwar tushe, wadda ake yi wa laƙabi da F0, ita ce madubin karin sama da na ƙasa da faɗau. Na uku da na huɗu su ne F1 da F2, wato wurare biyu na farko da ƙarfin murya yake taruwa saboda siffar da baki da maƙogwaro suka ɗauka. F1 yana hawa gwargwadon buɗewar baki, shi ya sa na "a" yake sama, na "i" da "u" suke ƙasa. F2 yana hawa idan harshe ya matso gaba, shi ya sa na "i" ya fi na "u" nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce kowace manhaja da yadda take ajiye waɗannan lambobi. Praat kanta tana da fayil na alamomin da aka yanka magana da su, mai suna TextGrid, da wani na F0, da wani na F1 da F2, kuma kowannensu ana iya ajiye shi da cikakken rubutu, ko taƙaitacce, ko a siffar da manhajar kaɗai ke karantawa. Wannan ba ciwon masu nazarin harshe ba ne su kaɗai. Masana ilimin taurari sun daidaita a kan tsarin FITS tun 1981, domin hotuna da awon hasken da wata cibiya ta ɗauka su karantu a wata. Masana kimiyyar sinadarai sun fito da JCAMP-DX a 1988, saboda kowane kamfanin da ke ƙera na'urar awon haske yana ajiye sakamako da tsarin kansa. Ga ɗalibin harshe kuwa, matattarar da aka fi komawa gare ta ita ce CSV: fayil na zallar rubutu, kowane layi awo guda, lambobin an raba su da waƙafi. An daɗe ana amfani da shi kafin a rubuta ƙa'idarsa a 2005, a takardar da ake kira RFC 4180.

Tulin fayiloli uku

Wani ɗalibi da ke shirya kundin digiri na biyu ya ɗauki aniyar kwatanta furucin tsofaffin mata a yankuna uku na Nijar. Shi da kansa ya ɗauki muryoyin wajen Damagaram, da na'urar ɗaukar magana da ya ara. Abokan karatunsa biyu suka taimaka masa, ɗaya a Tawa, ɗaya a Maraɗi. Jerin kalmomin guda ne, kowace mai magana ta furta shi sau uku. Bayan wata biyu sai ga tulin fayiloli uku a gabansa. Nasa na Praat ne zalla. Abokinsa na Tawa ya yi awon da kansa, ya kwafe lambobin ɗaya bayan ɗaya cikin Excel na Faransanci. Na Maraɗi ya turo jadawali da manhajar ta fitar, sautin kuma ya turo shi ta WhatsApp, domin shi ne abin da intanet ɗin garinsu ya iya ɗauka.

Ɗalibin ya kwana uku yana haɗa su a shafi guda. Da ya fitar da matsakaicin kowane yanki, sai ya ga abin da ya hana shi barci don murna: muryar tsofaffin Damagaram ta fi ta sauran yankunan biyu sauka ƙasa sosai. Nan da nan bayani ya fara zuwa masa. Ya tuna maƙwabtakar Barebari, ya tuna tarihin fatauci, ya fara tsara babi. Hujjar tana gabansa baƙi a kan fari, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Yana da yaya mace da ke aiki a wani ɗakin gwaji, inda ake auna ƙasar noma da hasken da ido ba ya gani. Ba ta san karin faɗau ba, amma ta shekara goma tana fama da fayilolin na'urori. Da ya nuna mata shafin, ba ta dubi matsakaicin ba. Ta gangara cikin lambobin a hankali, ta tsaya.

"Ƙanena, wace tsohuwa ce take magana da sifili?"

"Wane sifili, Yaya?"

"Ga shi nan, ga wani, ga wani. Mutum yana magana, kai kuma ka rubuta cewa maƙogwaronsa bai motsa ba ko sau ɗaya. Na'urar ce ta ba ka wannan, ko kai ka sa?"

Shi ya sa. A wuraren da Praat ta kasa gano F0, takan rubuta kalmar --undefined--, wato ba a samu awo ba. Da lissafinsa ya ƙi tafiya saboda kalmar, sai ya umarci kwamfuta ta maye gurbinta da 0 a ko'ina. Abokinsa na Tawa, da yake da hannu ya kwafa, tsallake irin waɗannan wurare ya yi. Na Maraɗi kuma nasa kaɗan ne. Saboda haka sifilin ya taru a Damagaram kaɗai.

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka, alal misali, an auna wasali huɗu, aka samu 210 da 205 da 215, na huɗu ya ƙi aunuwa. Matsakaicin ukun 210 ne. Idan aka sa sifili a gurbi na huɗu, matsakaicin ya koma 157.5. Muryar tsohuwa ta faɗo kusa da ta namiji, ba tare da ta canza komai a furucinta ba. Abin da ɗalibin ya zaci tasirin tarihi ne, maɓallin kwamfuta ne. Gurbin da ba a samu awo ba yana cewa "ba a sani ba", sifili kuwa yana cewa "an auna, babu kome". Maganganu biyu ne mabambanta, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka'idar ita ce a bar gurbin fanko, ko a sa alama guda da aka amince da ita, kamar NA da manhajar lissafi ta R take ganewa.

Waƙafi da aya

Da suka ci gaba da bincikawa, sai matsala ta biyu ta bayyana, wadda ta fi damun ƙasashen da ke aiki da Faransanci. A Ingilishi ana rubuta 0.142, a Faransanci 0,142. Tunda waƙafi ya riga ya samu aiki a cikin lamba, Excel da aka saita a Faransanci yana raba ginshiƙan CSV da waƙafi mai ruwa. Wanda aka saita a Ingilishi kuwa da waƙafi zalla yake rabawa. Fayiloli biyu ke nan masu suna iri ɗaya, kowanne da ƙa'idarsa. Idan lamba mai waƙafi ta shiga fayil ɗin da ake rabawa da waƙafi, sai 0,142 ta tsage biyu, 0 a ginshiƙi ɗaya, 142 a na gaba, dukan abin da ke bayanta ya gusa dama da mataki guda. F0 ya zauna a kujerar F1, F1 ya zauna a ta F2. Idan kuma lamba mai aya ta shiga Excel na Faransanci, yakan ɗauke ta a matsayin rubutu, lissafin matsakaici ya tsallake ta shiru ba tare da gargaɗi ba. A shafin ɗalibin, layuka da dama na Maraɗi ba su shiga lissafi ba sam, shi kuwa yana ganin su a gabansa yana zaton an ƙirga su.

Wannan ya shafi duk wani aikin haɗin gwiwa tsakanin ɗalibin Maraɗi da na Katsina, ko na Garwa da na Yola. Harshen da suke nazari guda ne, kwamfutocinsu kuwa gadon mulkin mallaka biyu ne. Haka kwanan wata: 03/04 uku ga Afrilu ne a tsarin Faransa, huɗu ga Maris a tsarin Amurka. Maganin shi ne a zaɓi ƙa'ida guda tun kafin a fara, a rubuta ta: aya a cikin lamba, waƙafi ko tazarar tab tsakanin ginshiƙai, kwanan wata kuma a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-04-03. Kuma kada a buɗe CSV da dannawa biyu kawai. A shigo da shi ta ƙofar da ke tambayar mene ne marabi, wadda LibreOffice yake nunawa duk lokacin da aka buɗe irin wannan fayil.

Tiyar kowace kasuwa

Matsala ta uku ta fi ɓuya, domin ba ta barin alama a jadawali. Duk wanda ya sayi gero a kasuwanni daban-daban ya san cewa tiyar wannan gari ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba, ko da sunan guda ne. Praat tana ba da tsawo a sakan, mutane da yawa kuwa suna rubuta shi a milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Wannan mai sauƙin ganewa ne, domin 0.142 da 142 ba su yi kama ba. Mai wuyar shi ne saitin da aka yi awon da shi. Kafin manhajar ta nemo F1 da F2, sai an gaya mata iyakar da za ta duba. Abin da aka saba shi ne Hz 5,500 ga mata, 5,000 ga maza, domin bututun muryar namiji ya fi tsawo. Idan ɗaya ya auna mata da 5,500, ɗaya da 5,000, lambobinsu za su bambanta ko da murya guda suka auna. Haka neman F0: a da jagorar manhajar ta ba da shawarar 75 zuwa 300 ga maza, 100 zuwa 500 ga mata. In aka kuskure wannan iyaka, manhajar kan ninka lambar ko ta raba ta biyu. Akwai kuma tambayar inda aka ɗauki awon, a tsakiyar wasali ne ko matsakaicinsa duka. Ga tagwan wasali irin "ai" da "au", da kuma karin faɗau kamar na "kai" na jiki, awo guda a tsakiya ba ya nuna tafiyar, sai an ɗauka a farko da tsakiya da ƙarshe.

Ɗalibin ya kira abokinsa na Tawa ya tambaye shi saitin da ya yi amfani da shi. Abokin ya ce bai taɓa kome ba, yadda ya tarar haka ya bari, amma kwamfutar ta aro ce, kuma wani ya yi aiki da ita kafin shi. Praat tana riƙe saitin da aka yi amfani da shi na ƙarshe. Ke nan babu mai iya cewa da wace tiya aka auna. Abin da ya ceci aikin shi ne sautin asali yana nan a siffar WAV, ba a goge ba, aka sake awon daga farko.

Sautin Maraɗi bai samu wannan sa'ar ba. Saƙon murya na WhatsApp matsattse ne, ana zubar da wani sashe na bayanin sauti don fayil ya yi ƙanƙanta, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa ko da an mayar da fayil ɗin WAV. Akwai kuma iyakar da lissafi ya gindaya: na'ura ba ta riƙe karkarwar da ta wuce rabin yawan samfurin da take ɗauka a sakan. Mai ɗaukar 44,100 yana kaiwa 22,050. Layin tarho na da, mai ɗaukar 8,000, ba ya wuce 4,000, alhali mafi yawan ƙarfin baƙin "s" yana sama da nan. Tsawon wasali da kari sukan jure matsi fiye da bakan zuzau. Sai da abokin ya kawo katin ajiyar na'urarsa da hannu, a motar haya, sannan aka samu na asali.

Haruffa masu lanƙwasa

Matsala ta huɗu ta Hausa ce ta musamman. A cikin kwamfuta kowane harafi lamba ne. A tsarin Unicode, "ƙ" yana da lamba U+0199, "ɗ" U+0257, "ɓ" U+0253, "ƴ" kuma U+01B4. Idan aka ajiye su da UTF-8, kowanne yana cin bayit biyu. In wata manhaja ta karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ta ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa: "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗaki" ya koma "É—aki". Wannan aƙalla ana ganinsa. Wanda ya fi muni shi ne mai taimako ya gaji ya rubuta "k" a madadin "ƙ", sai "ƙafa" da "kafa" su zama kalma guda a jadawali, kwamfuta ta haɗa awonsu. Ga kuma bambancin ƙa'idar rubutu: Nijar tana rubuta "ƴa", Nijeriya tana rubuta "'ya", alamar hamzar ma tana da siffofi da dama da ido ke gani ɗaya amma kwamfuta ke ƙirgawa daban. Alamar kari ita ma haka: "à" na iya zama harafi guda, ko "a" da aka ɗora wa alama daga baya. Praat kuma, gwargwadon saitinta, tana iya ajiye rubutu mai irin waɗannan haruffa da UTF-16, wanda wasu manhajoji ba sa buɗewa daidai. Abin yi shi ne a saita kome a UTF-8, sannan a ba kowace kalma lambarta a ginshiƙi na daban, yadda ko rubutu ya lalace lambar za ta riƙe ta.

Siffar jadawalin

Jadawalin da ɗalibin ya gina a karo na biyu ya bi ƙa'idar da masanin ƙididdiga Hadley Wickham ya bayyana a 2014: kowane awo layi guda, kowace siffa ginshiƙi guda. Babu launi mai ɗauke da ma'ana, babu gurbi biyu da aka haɗe, babu jimla a ƙasan shafi. Layin farko sunaye ne, kowane suna yana ɗauke da ma'auninsa. Ga misalin siffarsa, lambobin na kwatance ne kawai:

mai_magana,yanki,lambar_kalma,kalma,wasali,tsawo,kari,tsawo_ms,f0_hz,f1_hz,f2_hz,fayil
D03,Damagaram,k12,kuka,u,dogo,sama,142,214,370,910,D03_a.wav
D03,Damagaram,k27,ɗaki,a,dogo,sama,150,NA,820,1480,D03_a.wav

Sunan mai magana ba ya shiga jadawali, lamba ce take wakiltarta, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma tana ajiye a wani wuri daban. Ginshiƙin ƙarshe shi ne igiyar da ta ɗaure kowace lamba da muryar da ta fito daga gare ta. Ya ƙara wani ginshiƙi na sakan ɗin da wasalin ya fara, yadda duk mai shakka zai iya komawa ya saurara. Tsawo da kari an rubuta su a fili, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna su, haka kuma "r" biyun nan na Hausa da boko ya haɗe a harafi guda. Domin kwatanta muryoyi masu tsayi daban-daban, ya ƙara ginshiƙin da ya mayar da Hz zuwa rabin-sauti irin na masu kiɗa: sauka daga 240 zuwa 200 da sauka daga 120 zuwa 100 duk kimanin rabin-sauti uku ne, ko da yake ɗaya 40 ce ɗaya 20. Ya bar ginshiƙin Hz yana nan, bai shafe shi ba.

Yayarsa ta ɗora masa sharuɗɗa uku daga al'adar ɗakin gwaji. Na farko, fayilolin asali ba a taɓa su, a ajiye su wuri biyu, a yi aiki da kwafi. Na biyu, kada a kwafi lamba da hannu: a rubuta ɗan umarni a Praat wanda zai bi fayilolin duka da saiti guda ya fitar da jadawalin, yadda in an gano kuskure sai a gyara umarnin a sake turawa. Na uku, a rubuta takardar bayani ta shafi guda da za ta riƙa tafiya tare da jadawalin duk inda ya je, mai ɗauke da irin na'urar, da yawan samfurin, da lambar Praat ɗin, da saitin, da wurin da aka ɗauki awo, da ma'anar NA, da kuma iznin da masu magana suka bayar. Ta ce masa ma'aunin aikin shi ne baƙo: in wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya karanta jadawalin ba tare da ya kira shi ba, to ya yi.

Akwai shaidar cewa wannan wahala tana biya. A 1952 Gordon Peterson da Harold Barney suka wallafa awon wasulan Ingilishin Amurka guda 10 daga bakin mutum 76, maza 33, mata 28, yara 15, kowa ya furta sau biyu. Na'urorin da suka yi aikin da su sun daɗe da zama kayan tarihi. Jadawalinsu mai layi 1,520 kuwa yana nan a cikin Praat, ɗalibi na iya buɗe shi yau ya yi lissafinsa. Abin da ya raya shi sauƙin siffarsa ne. Masu nazarin Hausa sun san darajar irin wannan daidaito ta wata fuska. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita haruffan harsunan yankin, Nijar kuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausarta a 1999, duk domin abin da aka rubuta a wani gari ya karantu a wani. Awon murya yana bukatar irin wannan yarjejeniya, ko da tsakanin ɗalibai uku ne.

Da aka sake lissafi, babban bambancin da ɗalibin ya gani tsakanin yankunan ya ɓace. Babin Barebari da fatauci bai rubutu ba. Amma guraben fanko suna nan, kuma yanzu da suke a bayyane sai ya lura ba a warwatse suke ba. Mafi yawansu suna bayan "ɓ" da "ɗ", ko a gajeren wasalin ƙarshen kalma. Ya bi ginshiƙin fayil ya koma ya saurara. Masana irin su Peter Ladefoged sun bayyana tun tuni cewa waɗannan baƙaƙe na Hausa ana furta su da matsattsen maƙwallato, muryar tana fita a kakkarye, kuma gajeren wasali a ƙarshen zance yakan rufe da hamza. A irin waɗannan wurare karkarwar ba ta tafiya daidai, shi ya sa manhajar take rasa abin da za ta ƙirga. Ashe inda na'urar ta yi shiru ma tana nuna wani abu game da harshen. Mafi yawan guraben na mai magana ta uku ne, wadda ta fi kowa tsufa a cikinsu, kuma ta rasu kafin damina ta kama. Ba za a sake ɗaukar muryarta ba. Abin da ya rage na furucinta shi ne minti 19 na WAV da layukan da ke ɗauke da D03. Ɗalibin ya ƙara ginshiƙi guda mai suna "yanayin_murya", ya zauna da abin saurare a kunne, ya fara cike shi layi bayan layi.